Barbarar karya da ɗan ubanta: a yi ko a bari?

Mai_Gadi_Kd: Salamu alaikum. Karya ce German Shepherd, wata 14, ta fara jini kwana uku ke nan. Akwai namiji a unguwa kyauta, sai dai ubansu ɗaya. Akwai wani bare a Jos, kuɗin barbara dubu 80. Wanne ya fi?

Baban_Kwikwiyo: Wa alaikumus salam. Kai ta tsakanin kwana na 9 da na 14 da fara jinin, in jinin ya fara dusashewa. A haɗa sau biyu, kwana ɗaya tsakani. Cikin karya kwana 63 yake yi.

Dakta_Dabbobi: Malam, ba tambayar ke nan ba. Wata 14 ta yi ƙanƙanta, a jira ta cika shekara 2, lokacin ne hoton ƙashin kwatangwalo yake nuna gaskiya. Wannan jinsin ya yi ƙaurin suna wajen gocewar kwatangwalo, kuma gado ne. Haɗa 'yan uba ɗaya yana ƙara yiwuwar kwikwiyo ya gaji mugun iri ɗaya ta ɓangaren uwa da uba. A kuma duba al'aurar namijin, akwai ciwon ƙari mai zubar da jini da ake ɗauka ta barbara.

Sarkin_Raha: To, karnuka ma sun shiga layin gwaji kafin aure? Saura sadaki da lefe.

Hajiya_Mai_Gona: Ku bar kwatangwalo, fabo (parvo), cutar amai da zawo ta karnuka, ita ce ke ƙarar da 'yan kwikwiyo. Maƙwabcinmu ya sayar da guda bakwai suna da sati 5, babu allura. Cikin mako guda amai da zawon jini mai wari suka kama biyar, masu saye suka cika masa ƙofar gida. Ya sake zuba wasu a ɗakin, su ma suka bi, don cutar tana watanni a ƙasa. Sai an kwashe kashin, an wanke da bilic, kashi 1 cikin 30 na ruwa. Allurar farko sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har sati 16.

Baban_Kwikwiyo: Dubu 80 tsada ce, 40 ake yi. Ko mai namiji ya zaɓi kwikwiyo ɗaya.

Alhaji_Boerboel: 40 a ina? Mai takardar asali ba ya kasa 150. Kuma Dakta, da girmanka, masu kiwo sun daɗe suna haɗa dangi don riƙe siffa.

Dakta_Dabbobi: Suna yi, Alhaji, amma wanda ya fito yana jan ƙafar baya a wata takwas ba sa ɗora hotonsa.

Hajiya_Mai_Gona: Ni allurar ma nake zargi. Ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, amma shago ya kwana uku babu wuta, a ciro ta da ɗumi a manna sitikarta a katin rigakafi.

Alhaji_Boerboel: Wasu sitikar kaɗai suke saye, Hajiya.

Mai_Gadi_Kd: Jama'a, na Jos ɗin fa?