Katangar tsaro ta ufw ta ƙi tashi bayan ɗaukaka Ubuntu zuwa 22.04

Bakano_Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Sabar (babbar kwamfutar) ofishinmu ta hidimar masu Umara a nan Jidda ce aka ɗaga daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04. Komai na aiki, sai ufw. Duk sanda na'urar ta kunnu, `systemctl status ufw` sai ya nuna ya faɗi. `iptables -L` kuma cewa yake:

`iptables v1.8.7 (nf_tables): Could not fetch rule set generation id: Invalid argument`

Ba a taɓa ƙa'idojin ba, `uname -r` na nuna kanel (zuciyar Linux) 5.15. Bayanan fasfo ne a ciki, ga ƙofofi duk a buɗe. Ta ina zan faro?

Abu_Safiyya:
Wa alaikumus salam. Amsar na cikin saƙon nan. A 20.04 iptables, wanda ufw ke bi ta kansa wajen sa ƙa'idoji, na tafiya ne kan tsohon tsari, legacy, a 22.04 an mayar da shi kan sabon tsari, nf_tables (nft a taƙaice). Idan kana sauri:

`sudo update-alternatives --set iptables /usr/sbin/iptables-legacy`

Ka yi wa ip6tables (takwaransa na IPv6) haka shi ma, sai `sudo systemctl restart ufw`.

Injiniya_Misfala:
Malam Abu Safiyya, wannan zai rufe ƙofa a daren nan, amma bai taɓa tushen ciwon ba. Kanel 5.15 na Ubuntu da nf_tables yake zuwa, don haka tambayar ita ce me ya hana shi lodawa.

Bakano, gwada `lsmod | grep nf_tables`. In babu komai, sai `grep -r nf_tables /etc/modprobe.d/`. Ina kyautata zaton za ka tarar da layin da ya toshe shi. A 2024, da aka gano ɓarakar tsaro ta CVE-2024-1086 a nf_tables, masu kula da saba da yawa sun hana modul ɗin (wato wannan ɓangaren na kanel) lodawa. A 20.04 hakan bai dami ufw ba tunda ba ta nan yake bi ba. Yanzu kuwa an toshe masa hanyar da zai bi.

Layin iri biyu ne, ka lura. In `blacklist nf_tables` ne, lodawar kai tsaye kawai ya hana: `modprobe nf_tables` da hannu zai yi, ufw ya tashi, ka ɗauka an gama, sai na'ura ta sake kunnuwa matsala ta dawo. In kuma `install nf_tables /bin/false` ne, ko da hannu ba zai lodu ba.

Gyara: fara da `apt update` da `apt full-upgrade`, domin an riga an toshe ɓarakar a sababbin kanel. Sa # a gaban layin, ka bi da `sudo update-initramfs -u`, saboda ana kwafe fayilolin modprobe.d cikin initramfs, ƙunshin fayilolin da na'ura ke fara lodawa in an kunna ta. In ka riga ka koma legacy, mayar da `update-alternatives --auto iptables` da na ip6tables, sannan ka sake kunnawa. Kada ka tsallake kunnawar: ƙa'idojin legacy da suka rage a kanel suna ci gaba da aiki tare da na nft, kuma `iptables -L` ba zai jero maka su ba, gargaɗi kawai zai yi.

Hajiya_Linux:
Ƙari kan na Injiniya. Kafin ka taɓa komai ka duba `ufw show added`, ka tabbata ƙofa ta 22 (ta SSH, ta shiga saba daga nesa) na ciki, kuma akwai mai iya zama gaban na'urar. Ni da a ce ni ce, Juma'a zan bari, ofis a rufe.

Ka kuma duba `systemctl is-enabled nftables`. Fayil ɗin /etc/nftables.conf da `flush ruleset` yake farawa; in hidimar nftables na kunne tana iya share ƙa'idojin ufw alhali systemctl na ce maka lafiya lau. Wannan ya fi faɗuwar muni, don ba ya ihu. Kashe hidimar, haka ma netfilter-persistent (mai loda ƙa'idojin da aka adana in an kunna na'ura) in yana nan.

Bakano_Jidda:
Allah ya saka da alheri. Layin `install` ne, a wani fayil cikin modprobe.d. nftables a kashe take. Na bar legacy ya riƙe zuwa Juma'a. Injiniya, in bayan cire layin ya sake faɗuwa fa?

Injiniya_Misfala:
Sai ka gudanar da `sudo /usr/share/ufw/check-requirements`, ka turo sakamakonsa tare da na `journalctl -b -u ufw`. In sakamakon ya ambaci before.rules, fayil ɗin ƙa'idojin ufw, `iptables-restore --test /etc/ufw/before.rules` zai faɗi lambar layin da ya ƙi karɓa.