Wace kalma za mu ba "hide" na masu ɗaukar hoton tsuntsaye?

Mai Kyamara (Samaru): Assalamu alaikum. Muna haɗa bayani da Hausa don matasa masu koyon ɗaukar hoton ƙananan tsuntsayen daji, sai kalma guda ta gagare mu. Turawa na cewa "hide", wato ɗan ɗakin da mai hoto ke shiga ya zauna, ya fito da bakin kyamara ta wata 'yar kafa, tsuntsu ya sauka bai san da mutum ba. Mun sa "maɓoya", amma rai bai kwanta da ita ba.

Malamin Hausa (Tudun Wada): Wa alaikumus salam. Da gaskiyarka, Malam. Mai ɓuya so yake kada a same shi, ko ya ga na waje ko bai gani ba. Wanda ya laɓe kuwa yana bayan wani abu ne, idonsa da kunnensa na kan abin da yake fako. Aikin mai hoto ke nan. Don haka na fi son "malaɓa". Gininta irin na marina da majema da mahauta ne, wurin da ake yin aikin. Jam'inta malaɓu, kamar makaranta da makarantu.

Ɗan Kufena: Allah gafarta Malam, me zai hana a ce "burtu"? Maharbanmu sun daɗe suna ɗaura kan burtu na icce a goshi, su sunkuya suna tafiya irin tasa har su matsa kusa da nama.

Malamin Hausa (Tudun Wada): Ka kawo abu mai kyau, ɗan'uwa, sai dai burtu tafiya ake yi da shi. A bar shi wa mayafin nan mai launin ciyawa da wasu ke lulluɓa da shi su bi tsuntsu. Malaɓa kafe take wuri ɗaya.

Hajiya Mai Tsuntsaye (Shika): Na goyi bayan malaɓa. Amma ku sa yadda ake kafa ta a cikin bayanin, don a nan yara ke ɓata aiki. Sanduna huɗu, zana biyu, faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo daidai mutum a zaune kan kujera. A rufe sama da baya ruf, domin in haske ya shigo ta baya tsuntsu zai hango motsin inuwarka ta kafar. Kafar kada ta wuce faɗin bakin gilashin kyamara. Ba a kafa ta yau a shiga yau, sai ta kwana biyu ko uku tsuntsaye sun saba da ganinta. Da rani, daga Nuwamba zuwa Maris, ruwa ne ke jawo su: a binne kasko mita huɗu zuwa biyar daga malaɓa, zurfin ruwan santimita biyu ko uku, a rataye gorar roba mai ɗan huji tana ɗiga a ciki. Sautin ɗigon ya fi kaskon kansa kira. A kafa busasshen reshe gefen kaskon, nan za su fara sauka su duba kafin su sha, kuma nan ne hoton yake. Malaɓa ta kasance gabas da kaskon, hantsi na bayanka.

Mai Kyamara (Samaru): Madalla, Hajiya. Na ƙara da na kyamara. Gilashin zuƙowa mai milimita 400 ya isa a wannan tazara. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, in an samu 1/1600 ya fi, don waɗannan ƙanana ba sa daƙiƙa biyu a tsaye. A saita a kan ido. A mita biyar, abin da ke fita tangaran bai wuce 'yan santimita ba, in saitin ya kama reshe ko wutsiya to kan ya dushe. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri launi kan mutu, gara a matso da reshen a kan a ƙara zuƙowa.

Ɗan Kufena: To wanda ya fi wahalar da masu koyo fa, baƙin nan mai farar kafaɗa da ke bin dajin doka da kaɗanya? Shi ne ɗan gidan da Turawa ke kira "tit", masana na ce masa Melaniparus guineensis. Tsawonsa wajen santimita 14, baki gajere, jiki baƙi wuluk, fari a kafaɗa har gefen fiffike, ido kuma rawaya mai haske. Yakan rataya kai ƙasa yana tsintar ƙwari a ganye, sau da yawa cikin ayarin wasu ƙananan tsuntsaye, kuma a kogon icce yake sheƙa. Ana rikita shi da baƙin nan mai wutsiya kamar almakashi, alhali shi wancan ya fi girma, idonsa ja, ba fari a kafaɗarsa, kuma zama yake a reshe ya cafko ƙwaro a iska ya dawo. Hoton mai farar kafaɗar na da wuya: in ka ƙara haske don gashin ya fito, farin kafaɗar ya ƙone, in ka rage, idon ya ɓace. Maganinsa hasken safe mai laushi, kafin ƙarfe tara.

Mai Kyamara (Samaru): Shi ke nan, mun rubuta malaɓa ga kafaffiya, burtu ga na lulluɓi. Hajiya, in babu zana, buhu zai yi?

Hajiya Mai Tsuntsaye (Shika): Na algarara zai yi, in an ɗaure shi tamau. Banda farin buhun taki, yana ƙyalli kuma yana kwaramniya da iska ta taso.