Neman kalma: bashin da ƙasa ke bin waje

1/ Jama'a, ku taya ni. Jiya ina fassara rahoto kan Luksambag da Ayalan, ƙasashe biyu na Turai, na ci karo da abin da Turawa ke kira foreign debt assets. Na rubuta "bashin waje", sai na tsaya. Duk mai sauraron rediyo da ya ji haka zai ɗauka ƙasashen ne aka ɗaure da bashi, alhali su ne masu bi.

2/ Ku duba littafin mai kanti a unguwa. Sunanka na ciki: sukari mudu ɗaya, sabulu biyu. A wurinka nauyi ne, a wurinsa dukiya ce da yake lissafawa cikin jarinsa. Bashi ɗaya ne, aikatau ne ke raba su: kai ka ci, shi yana bi. A magana ba a rikicewa. Matsalar tana tasowa ne idan ana son suna gajere da za a ɗora a kan jadawali.

3/ Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. Mutanen Luksambag ba su kai dubu 700 ba, Ayalan kuwa ta haura miliyan 5 kaɗan. Amma a jerin masu riƙe da takardun lamunin gwamnatin Amurka, wato takardun shaidar bashin da ake bin ta, suna cikin goman farko. Wajen 2017 Ayalan ce a gaba, ta uku bayan Sin da Japan. Zuwa ƙarshen 2024 Luksambag ta wuce ta, da sama da dala biliyan 400, Ayalan na da sama da 300. Mai fassara ya kuskure kalma ɗaya a nan, ya mayar da mai bi maciyi.

Kuma yawancin kuɗin ba na gwamnatocin ba ne. Na asusun zuba jari ne da suka yi rajista a can, masu kuɗin kuwa suna warwatse a duniya. Dablin, babban birnin Ayalan, ta buɗe cibiyarta ta hada-hadar kuɗi a 1987, Luksambag ta riga kowa a Turai aiwatar da dokar irin waɗannan asusun a 1988. Shi ya sa ma "bashin da ƙasa ke bi" bai gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba.

4/ "Takardun lamuni" ta zauna a bakin 'yan jarida, ban da ja da ita. Sai dai sunan takardar ce kawai, ba ta faɗi wanda ke riƙe da ita ba.

5/ Wani malamina ya ba ni "kadarar bashi". Ma'anar ta fita, amma kunnen Bahaushe idan ya ji kadara, gida da gona da shanu yake hangowa. Wani zai ma ɗauka jingina ake nufi.

6/ Ni dai na fi karkata ga "bashin-bi", kishiyarsa "bashin-ci". Sai a ce: bashin-bi na waje da ke rajista a Luksambag ya zarce na Ayalan. Na gwada wa mahaifiyata, wadda ba ta taɓa jin sunan ƙasashen ba, ta ce, "Wato su ke bin mutane ke nan." Ban ƙara mata bayani ba.

7/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, Faransanci ya raba dette (bashin da ka ci) da créance (bashin da kake bi). Idan kuna fassara créance a gidajen rediyonku, me kuke cewa? In akwai kalmar da ta riga ta zauna a can, ita zan ɗauka in bar tawa.