An kawo wa Baba sammaci kan gona, yaya za mu yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maƙwabcin gonarmu ya kai ƙarar Baba a babbar kotun Tahoua kan iyaka. Maigari ya zaunar da su, sulhu bai yiwu ba. Baba ya tsufa, ba ya jin Faransanci, bai taɓa shiga kotu ba, tun da takardar ta zo ko abinci ba ya ci sosai. Me za mu tanada, kuma yaya zai yi gaban alƙali?

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Ka kwantar masa da hankali, sammaci ba ɗauri ba ne. Faransanci kuwa kada ya dame ku, akwai tafinta. Ku dai sammaka, ku riƙe takardar sammacin da katin ɗan ƙasa.

Kawun Yara: Ɗana, rikicin gona irin wannan da al'ada ake yanke shi, shi ya sa za ka ga dattawa masana al'ada zaune kusa da alƙali suna ba shi shawara. Abu na farko, ka koma wurin maigari ko sarkin kanto ka karɓo takardar da ke nuna an gwada sulhu bai yiwu ba. In kun taɓa yin takardar gonar a hukumar filaye, wato Kofo, da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, ku ɗauko ta. In babu, shaidu ne ƙarfinku: tsofaffin da suka san gawon ko jerin gambar da ke kan iyakar tun zamanin kakanka. Ka je gidajensu da kanka, ka biya musu kuɗin mota.

Hajiyar Kasuwa: Ni abin da nake jin tsoro shi ne zuciya. Ɗayan zai faɗi abin da zai ƙona wa Baba rai. Kada ya katse shi, kada ya nuna shi da yatsa. Ya fuskanci alƙali, ya amsa abin da aka tambaye shi kaɗai. Abin da bai gani da idonsa ba ya ce bai sani ba. Kai kuma ka kashe salula, kada ka sa baki daga wurin zamanka.

Ɗan Ader: Na manta, in ba ku da halin lauya, ku tambayi ofishin ANAJJ, wato hukumar taimaka wa jama'a kan harkar shari'a, a kotun, suna ba da shawara kyauta. Wanda ya tare ku a ƙofa ya ce ya san alƙali, kada ku ba shi ko dala.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Kawu, gobe bayan asuba zan wuce gidan maigari.