Picnic ɗin da ta shekara huɗu a gindin dalbejiya: riba ce ko asara?

Malam (Tudun Wada):
Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda maganar ta riga ta zaga dangi, gara ku ji daga bakina. Na sayi Toyota Picnic ƙirar 1999, mai kujera bakwai, a wani gida a Tudun Jukun, nan Zariya. Mai ita ya rasu, shekara huɗu ke nan tana gindin dalbejiya ba wanda ya murza mata makulli. Tayoyi duk sun zauna ƙasa, busasshen ganye ya cika gindin gilashi, da na ɗaga bonet na tarar ɓera ya yi gida da tsumma a gefen batir. Ranar Asabar aka jawo mini ita gida.

Abin da nake cewa, kuma na tsaya a kai: ga mai albashi irina, ya sayi tsohuwar motar Japan da aka yasar, ya tashe ta a ƙofar gidansa sannu a hankali, ya fi ya zauna yana tara kuɗin 'yar Kwatano. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da na tara sai in tarar farashi ya yi gaba ya bar ni. Abin da na biya bai kai sulusin kuɗin irinta a wurin dillalai ba.

Kawu (cikin Birni):
Wa alaikumus salam. Ɗana, araha ba ta ado. Motar da ke kan titi tana faɗa maka ciwonta da kanta, ka ji ƙara, ka ga hayaƙi. Wadda ta kwanta shekara huɗu ba ta magana sai ka zuba kuɗi. Na yi irin wannan saye shekarun baya, yau famfon mai, gobe lagireto, jibi giya, har na sayar da ita ƙasa da abin da na kashe. Sannan motar gado ce. Duk magada sun yarda kuwa? Kada ka gama wahala wani ya dawo daga tafiya ya ce ba da saninsa aka sayar ba.

Malam (Tudun Wada):
Allah ya ƙara girma Kawu. Wannan na kiyaye. Magada duka sun sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu biyu, har wadda ke aure a Funtuwa sai da aka jira ta. Na gwada lambar jikin mota da ta takardun kwastam, sun yi daidai. Saura in je a sauya suna.

Baba Makanike (Sabon Gari):
Alhaji Kawu, ka yi haƙuri, a kan wannan motar ban bi bayanka ba. Ba kowace tsohuwar mota ce ɗaya ba. Injin da ke cikin Picnic shi ne 3S-FE, mai lita 2, irin wanda Toyota ta sa a Carina E da RAV4 ta farko. Gangar injin ƙarfe ce zalla, kansa ne kawai alminiyam. Kayansa kuwa ba wuya: abin da babu a Sabon Gari akwai a Panteka ta Kaduna, abin da babu a Panteka akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano. Da motar Turai ce mai cike da na'urori, ni zan fara hana shi.

Amma Malam, ka saurare ni da kyau. Kada ka kuskura ka ɗaura batir ka murza makulli don ɗoki. Fara kwance filogi huɗun, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sa sifana a babbar fulin ƙasa ka juya injin da hannu. In ya juya lami lafiya, ka gode Allah. In ya cije, ka tsaya, kada ka yi masa ƙarfi. Tsohon fetur ɗin tanki ka zubar da shi duka, ya riga ya yi tsami, ya zama kamar ƙaro, shi ke toshe nozul ya kashe famfon mai. Ka yi juyen baƙin mai, galan ɗaya mai lita 4 ya isa, da sabuwar matata.

Sai bel ɗin taimin. Ka'idarsa a canza wajen kilomita 100,000, amma roba tana tsufa ko mota ba ta motsa ba. A injin nan bel ɗin shi ke juya famfon ruwa da famfon baƙin mai, don haka in an buɗe a canza famfon ruwan gaba ɗaya. Wannan aikin kada ka yi shi kai kaɗai. Haƙori ɗaya ya goce, mota ta rasa ƙarfi, ka yi ta neman laifi inda babu.

Direba (tashar Kwangila):
Duk na yarda da Baba. Ƙarin nawa ɗaya ne: yaya Malam, ka cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan lagireto har injin ya yi zafi, ka jefar, ka sa riwaya ya haɗa fanka kai tsaye. Abin nan don ƙasar sanyi aka yi shi. Kullum ina Zariya zuwa Kano, a watan Afrilu in ba ka cire ba mota sai ta tafasa kafin Kwanar Dangora.

Auta (Samaru):
Yaya Direba, da girmamawa, a nan ne ake cutar motoci. Tamostat ɗin injin nan yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma da ya buɗe ruwa na zagawa yadda ya kamata ko a Zariya ko a Sakkwato. In an cire shi injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, musamman da asubar hunturu. Kwamfutar injin sai ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta riƙa ƙara fetur. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wa ke da fetur ɗin ƙonawa a banza? Motar da ke tafasa, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci. A gyara wannan. Kuma a daina ɗura ruwan rijiya zalla, shi ke haifar da tsatsa da dattin da ke toshe lagireton.

Direba (tashar Kwangila):
Auta, kai littafi ka karanta, ni sitiyari na riƙe shekara goma sha biyar. Tawa ba tamostat, ba ta taɓa ƙona gaskit ba.

Baba Makanike (Sabon Gari):
Yaron ya fi ka gaskiya, Direba. Mu ma da cirewa muke yi, saboda in ya maƙale a rufe injin na iya ƙonewa, kuma jabu ya cika kasuwa. Maganin shi ne a sayi mai kyau, a jefa shi a tukunyar ruwan zafi a ga ya buɗe kafin a ɗaura.

Yaya (Hanwa):
Ni duk wannan zancen injin bai dame ni ba kamar birki. Ƙanena, yaranka biyar da uwarsu za ka zuba a ciki ranar Sallah ka nufi Kaduna, wataƙila har da nawa. Injin ya mutu a hanya, sai a sauka a nemi inuwa. Birki ya ƙi fa? Na taɓa kasancewa cikin motar da tayar gaba ta fashe bayan Jaji, har yau in na tuna jikina rawa yake. Don Allah kada ka hura tayoyin nan iska ka ce sun yi, don ka ga zanensu bai cinye ba.

Auta (Samaru):
Gaskiyar Yaya. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, mako na 23 ke nan a 2014. Man birki kuma yana shan danshi in ya daɗe, dole a zuƙe shi a sa sabo, a duba tiyo ɗin roba na kowace ƙafa.

Malam (Tudun Wada):
Yaya, na yi miki alkawari ba yaron da zai shiga sai an sa taya huɗu sababbi kuma Baba ya taka birki da ƙafarsa. Yanzu na fita da tocila na duba, na gaba 2015 ne, gefensu duk ya tsattsage.

Ga inda aka kwana. Jiya bayan la'asar na juya injin da hannu, ya juya. Ɓera ya ci waya biyu kusa da nozul, riwaya ya ce aikin rabin yini ne. Na leƙa ƙasa saboda motocin da suka yi zama a Turai gishirin titi kan cinye musu ƙarfe. Akwai tsatsa a salansa, amma inda ƙafafu suke ɗaure, na ƙwanƙwasa da guduma, ƙarfe ne garau.

Kawu, abin da ya sa nake son wannan hanya ba arha ce kaɗai ba. Wata ya yi, in sayi famfon mai. Wani watan, taya biyu. Ba bashi, ba wanda ke bi na. Kuma babban ɗana, mai shekara goma sha huɗu, shi ke miƙo mini sifana, jiya da kansa ya gane wayar da aka ci kafin ni. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Kawu (cikin Birni):
Allah ya yi masa albarka. Amma ban sauka daga magana ta ba. Injin ya juya da hannu, to giya fa? Ba wanda ya san halinta sai mota ta hau titi. Ka sayi littafi ka rubuta ko wasa ka saya, har da kuɗin acaɓa zuwa Sabon Gari da ranakun da ka ɓata. Bayan babbar Sallah ka kawo mini shi mu haɗa da farashin 'yar Kwatano a lokacin. In ka ci, ni zan cika maka tanki.

Baba Makanike (Sabon Gari):
Malam, Asabar bayan azahar zan zo da ma'aunin matsin injin, mu gwada silinda huɗun kafin ka ƙara kashe ko sisi. In ɗaya ta yi ƙasa sosai, sai mun sake lissafi, wataƙila Alhaji ya ci. Kafin nan kada ka sake shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, ka samo kututture biyu masu kauri ka tokare, ka sa dutse a bayan taya. Ka ce wa yaron ya wanke mini kan batir da ruwan zafi.