Shin bidiyon "Bohemian Rhapsody" ne mafarin bidiyon waƙa?

Mai tace bidiyo: Assalamu alaikum, jama'a. Ina nan a kan bakana cewa bidiyon da ƙungiyar Queen ta Ingila ta yi wa waƙarta "Bohemian Rhapsody" a 1975 shi ne mafarin abin da muke kira bidiyon waƙa a yau. Waƙar ta fito ranar 31 ga Oktoba, a watan Nuwamba kuma darakta Bruce Gowers ya ɗauki bidiyonta a ɗakin ɗaukar finafinai na Elstree cikin kimanin awa huɗu. Bayan an nuna shi a shirin waƙoƙi na Top of the Pops na talabijin ɗin BBC, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta yi mako tara babu wadda ta ture ta.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda da kai ba, domin tun a 1966 ƙungiyar Beatles ta ɗauki gajerun finafinai na waƙoƙinta "Paperback Writer" da "Rain" a lambun Chiswick House da ke Landan, aka aika wa gidajen talabijin don su tsaya a madadin mawaƙan. Sannan kada a ci haƙƙin rediyo. Waƙar Queen ta kusa kai minti shida, tsawon da masu harkar faifai suke ganin babu tashar da za ta ɗauka, amma Kenny Everett, mai gabatar da shiri a Capital Radio, ya yi ta saka ta har sau 14 cikin kwana biyu tun kafin ta shiga kasuwa. Kunne ne ya fara karɓarta, ido daga baya ya zo.

Mai tace bidiyo: Baba, ina girmama saninka, amma ina roƙon ka sake duban aikin. A finafinan da ka ambata, mawaƙa ne tsaye a lambu riƙe da jita, ana ɗaukarsu. A na Queen kuwa, hoton ne yake fassara sautin. Fuskokin 'yan ƙungiyar su huɗu ne ke bayyana cikin duhu, haske na sauka a kansu, babban mawaƙinsu Freddie Mercury ya harɗe hannuwa a ƙirji, kamar yadda mai ɗaukar hoto Mick Rock ya ɗauke su a bangon kundinsu na Queen II a 1974. Inda muryoyi suka hau juna, sai fuskokin ma su ninku, su yi ta jeruwa. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai wannan sana'a shi ne, a lokacin ɗauka aka yi dabarar, ta hanyar amfani da gilashi na musamman da kuma saita kyamara ga allon da ke nuna hotonta, ba a teburin tacewa ba.

Malamar koyar da aikin jarida: Baba da ƙanena, a ganina larura ce ta haifi bidiyon. Al'adar Top of the Pops a wancan lokacin ita ce mawaƙa su tsaya suna motsa baki ana saka faifai, alhali tsakiyar waƙar nan muryoyin Mercury da Brian May da Roger Taylor ne aka ɗora sau da yawa a ɗakin ɗaukar sauti, abin da mutum huɗu ba za su iya kwaikwaya a kan dandamali ba tare da ya zama abin dariya ba. Ga shi kuma lokacin suna shirin fita rangadi. Saboda haka ba zan ce su ne na farko ba, amma nasararsu ta taimaka wajen sa kamfanonin faifai su mayar da bidiyo wajibi ga sabuwar waƙa, shekara shida kafin a buɗe MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, a 1981.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Malama, tasirin na yarda da shi, sai dai ko a nan ba su kaɗai ba ne. Darakta Lasse Hallström ya fara ɗaukar wa ƙungiyar ABBA ta Sweden bidiyo tun 1974, kuma nuna bidiyon waƙarsu "Mamma Mia" a shirin talabijin na Countdown ne ya sa jama'ar Ostareliya suka matsa aka fitar da waƙar a can a watan Agustan 1975, kafin ta Queen ta fito. Ɗana, ina jiran amsarka a kan wannan.