'Yan Latino a gundumomin Teksas: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Teksas. Ƙanena ya samu aikin jinya, an ba shi zaɓi tsakanin Houston da McAllen. Na ce ya fara koyon Sifaniyanci, yana ganin na cika tsoro. Ƙidayar 2020 ta ce 'yan Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka da galibi ke jin Sifaniyanci, kusan kashi 39 cikin 100 ne na jihar, to amma gundumomi 254 ai ba za su zo ɗaya ba. Don Allah wanda ya zauna ko ya bi ta wurin ya ba mu haske.

Direban tirela: Wa alaikumus salam, Yaya. Shekara huɗu ina bin hanyar I-35 zuwa Laredo, gundumar Webb, inda suka kai kashi 95. Ranar farko a wurin sauke kaya na yi wa mai gadi Turanci, ya amsa da Turanci a taƙaice, ya juya ya ci gaba da hirarsa da Sifaniyanci. Sati na gaba na gaishe shi da harshensu, na tambayi lafiyar iyali. Wallahi har kofi ya zuba mini. Mutane ne masu son gaisuwa kamar mu. McAllen tana gundumar Hidalgo, can ma sun haura kashi 90. Starr da ke maƙwabtaka da ita kuwa kusan 98.

Ma'aikaciyar jinya, Houston: A gundumar Harris, inda Houston take, wajen kashi 43 ne, amma idan aka ƙirga kawuna kusan miliyan biyu ne. Kuma kada ya ɗauka duk 'yan Meziko ne. A unguwar Gulfton akwai 'yan El Salvador da Honduras da Guatemala da yawa. Na taɓa kula da wata tsohuwa da ta kwana tana nuna cikinta, ni kuma ba na jin abin da take faɗa sai da jikarta ta iso da safe. Abin ya tsaya mini a rai, daga nan na shiga aji. Af, a shagunansu nake sayen busasshen zobo, suna kiransa jamaica.

Mazaunin Amarillo: Ba garuruwan bakin iyakar Meziko irin su Laredo da McAllen kaɗai ba ne. Hereford, gundumar Deaf Smith, garin kiwon shanu ne, kuma su ne mafiya yawa a can. Aikin garke da mayanka ya jawo su arewa.

Direban tirela: Ƙarin bayani, Yaya: ya kiyaye tambayar mutum yaushe ya zo Amurka. Teksas tana cikin Meziko har 1836, wasu iyalan kudu tun kafin nan kakanninsu ke wurin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Aunty, wane aji kika shiga, na yamma ne ko na intanet?